Kwashe Naɗin Wasan Kiɗa Daga Kaset ɗin DAT Zuwa Kwamfuta: Wace Hanya Za a Bi?

Wanda ya riƙa naɗar wasannin kiɗa kai-tsaye a shekarun 1990, ko dai da ƙaramar rikoda a cikin jaka da makirufo biyu maƙale a kwalar riga, ko kuma ta hanyar jan waya daga teburin injiniyan sauti, da wuya a ce ba shi da tarin kaset-kaset na DAT, wato ƙananan kaset-kaset masu naɗar sauti a tsarin dijital, a ajiye. Kamfanin Sony ne ya fito da wannan nau'in kaset a 1987, kuma masu naɗar wasanni suka karɓe shi hannu bibbiyu, domin yana ɗaukar sa'o'i biyu cur ba tare da an juya shi ba, ga shi kuma ingancin sautinsa ya kai na faifan CD, har ya ɗara kaɗan. A 2005 Sony ya daina ƙera na'urorin, sauran kamfanoni ma suka janye, saboda haka kowace na'urar DAT da ke aiki a yau tsohuwa ce, kuma kayan gyaranta kullum ƙara wuya suke yi. Kaset ɗin yana iya jure shekaru masu yawa a ajiye, amma ranar da aka rasa abin kunna shi, wasan da ke cikinsa ya tafi ke nan, alhali galibin irin waɗannan naɗe-naɗe ba su da kwafi na biyu a ko'ina.

Hanyoyin kwashewa uku ne. Ana iya ɗaukar sautin ta mafitar analog kamar yadda ake yi wa kaset na gargajiya, ana iya jan sa ta wayar dijital daga na'urar DAT, ana kuma iya sa kaset ɗin a cikin injin DDS na kwamfuta, wato injin kaset na ajiyar bayanai, a karanta shi kamar fayil. Sai dai kafin a auna su, dole ne a fahimci abin da ke kan zaren, domin a nan ne bambancinsu ya samo asali.

Faɗin zaren DAT milimita 3.81 ne kawai. Hed ɗin da ke rubutu a kansa yana jikin wata ganga mai juyawa sau 2,000 a minti ɗaya, yana zana layuka a karkace, kowane layi faɗinsa maikiron 13.6, wato bai kai rabin kaurin silin gashi ba. Abin da aka rubuta a waɗannan layuka lambobi ne: an auna sautin sau 48,000 ko 44,100 ko 32,000 a kowace daƙiƙa, a ɓangaren hagu da na dama, aka ajiye kowane awo a matsayin lamba mai bit 16. Ma'anar wannan ita ce an riga an gama mayar da wasan lambobi tun daren da aka naɗe shi, kuma aikin mai kwashewa shi ne ya kai waɗannan lambobi cikin kwamfuta yadda suke, ba ƙari ba ragi. Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani. Idan zaren ya samu ƙarzuwa ko ƙura, na'urar tana fara gyara kuskuren da lissafin da aka tanada a cikin naɗin, kuma wannan gyara cikakke ne. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin lissafin, sai ta cike giɓin da kintace daga lambobin da ke gaba da baya. Idan abin ya wuce haka, sai ta yi shiru ko ta saki wata ƙara mai kaifi. Kunne yana jin mataki na uku, amma sau da yawa ba ya jin na biyu. Don haka ni da tambayoyi biyu nake auna kowace hanya kafin in duba wahala ko lokaci: shin lambobin sun iso ba tare da an taɓa su ba, kuma idan ba su iso ba, shin zan sani?

Hanyar analog ita ce mafi sauƙin haɗawa, kuma ita ce mutane da yawa ke fara bi saboda ba ta buƙatar komai sai waya mai kai biyu da katin sauti. Na'urar DAT tana mayar da lambobin zuwa sauti na lantarki, katin kuma ya sake auna sautin ya samar da sabbin lambobi. Sakamakon yana iya yin daɗin ji, musamman idan katin mai kyau ne kuma an naɗa da bit 24 an bar sarari don kada tafi ko bugun ganga ya kai maƙura. Amma fayil ɗin da aka samu sabon naɗi ne na tsohon naɗi, kuma ya ɗauko halin tsoffin kayan lantarkin na'urar da suka shekara ashirin ko talatin, da ɗan gurnanin wuta idan akwai, da kuskuren wanda ya daidaita ƙarfin sauti. Ba kuma za a iya tabbatar da shi ba, domin ko sau goma aka maimaita kwashewar, ba za a samu fayil biyu masu lambobi iri ɗaya ba. Ina ganin amfaninta a wuri biyu kaɗai. Na farko shi ne idan mafitar dijital ta na'urar ta mutu kuma babu wata na'urar. Na biyu shi ne kaset ɗin da ya lalace har siginar dijital take yankewa a tsakiya, katin sauti ya rasa inda yake ya tsaya. A irin wannan hali mafitar analog takan ci gaba da fitar da abin da ya samu, sai a ɗauko guntun da ya gagara ta nan a dasa shi a cikin sauran.

Hanya ta biyu ita ce wadda galibin masu naɗa suka bi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta sosai, domin tana da kyau ƙwarai idan aka yi ta daidai, tana kuma da tarkuna da ba sa nuna kansu. Na'urorin DAT suna fitar da lambobin ta ɗaya daga cikin mahaɗa uku: S/PDIF ta waya mai kan RCA wadda ya kamata ta zama mai om 75, ko TOSLINK ta wayar haske, ko AES/EBU ta waya mai kan XLR mai om 110, wadda ake samu a na'urorin sitidiyo. A wajen kwashewa duka ukun lambobi iri ɗaya suke kai wa, saboda haka ba sai an ɓata lokaci ana gardamar wadda ta fi zaƙin sauti ba. Wadda na'urarka da katinka suka yi tarayya a kanta ita ce daidai. Wayar haske tana da fa'ida ɗaya, wato ba ta haɗa lantarkin na'urorin biyu, amma kanta yana saurin sassautawa, kuma taɓawa ɗaya a tsakiyar aiki ta isa ta jawo giɓi.

Zaɓen na'urar da za ta kunna kaset ɗin ya fi zaɓen waya muhimmanci nesa ba kusa ba. Ƙananan rikodoji irin su Sony TCD-D7 da TCD-D8 da PCM-M1 su ne suka naɗi yawancin wasannin, amma an ƙera su ne don su shiga aljihu: gangarsu ƙarama ce, injinansu ba su da ƙarfi, kuma mafitarsu ta dijital wata mahaɗa ce mai fil bakwai da ke buƙatar waya ta musamman wadda samunta ya zama aiki. Manyan na'urorin sitidiyo, kamar Panasonic SV-3700 da SV-3800, da Tascam DA-30, da Sony PCM-R500 mai injina huɗu da ke juya sassanta kai-tsaye, sun fi riƙe zare da natsuwa, sun fi kuma jure kunna kaset ɗari a jere. Na'urorin Panasonic ɗin nan biyu suna iya nuna adadin kuskuren da suke cin karo da shi a kan allonsu, kuma wannan babbar gata ce, domin idan lambar ta fara hawa ka san ko dai hed ya yi datti ko zaren ne ke da rauni, tun kafin kunnenka ya ji komai. Duk da haka kada a yar da ƙaramar rikodar da ta yi naɗin. Idan saitin hanyar zarenta ya ɗan kauce a lokacin da take aiki, to layukan da ta rubuta su ma a kauce suke, kuma yakan faru babbar na'ura mai lafiya ta kasa karanta kaset ɗin, ita kuwa uwar da ta haife shi ta karanta shi tsaf.

Tarko na farko a wannan hanya shi ne agogo. Kowace na'urar dijital tana da agogon da ke ƙirga mata lokacin kowane awo, kuma babu agogo biyu da suke tafiya daidai wa daida. Dole ne a umarci katin sauti ya ajiye nasa agogon ya bi na siginar da ke shigowa. Idan ba a yi haka ba, duk sanda agogunan suka saɓa da awo ɗaya sai a samu ɗan ƙas a cikin sautin, a tazara kusan iri ɗaya, kuma a wasan da ganguna da tafi suka cika, mutum yana iya sauraron rabin sa'a bai lura ba, sai an zo wurin da mawaƙi ya ja murya shi kaɗai. Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Wasu katunan sauti, irin su tsohon Sound Blaster Live, suna sake lissafa duk abin da ya shigo su mayar da shi 48 kHz, wato awo 48,000 a daƙiƙa, ko da ta mahaɗar dijital ya shigo, kuma tsarin sauti na Windows shi ma yana iya yin haka idan aka bar shi ya shiga tsakani. Fayil zai fito, zai kuma yi kama da lafiyayye, amma lambobinsa ba na kaset ɗin ba ne. Maganin shi ne kati da aka san yana miƙa lambobi yadda suka zo, kamar M-Audio Audiophile 2496 ko katunan RME, tare da manhajar da ke magana da katin kai-tsaye ta ASIO, a kuma kashe duk wani abin ƙara ko rage murya.

Tarko na uku na faɗa cikinsa da kaina. Na taɓa kwashe wani wasa mai tsawon sa'o'i biyu, na zauna a gaban na'urar daga farko har ƙarshe ina kallon fitilun awo suna hawa suna sauka, ban ga wani abin zargi ba. Washegari da na buɗe fayil ɗin sai na ga tsawonsa ya kai minti 130 da ɗoriya, muryar mawaƙiyar kuma ta yi kauri, kiɗan yana jan ƙafa kamar makaɗan sun gaji. An naɗi kaset ɗin a kan 48 kHz, ni kuwa na bar manhajar a kan 44.1, sai ta karɓi lambobin daidai amma ta lika musu alamar da ba tasu ba, sautin ya ragu da kusan kashi takwas cikin ɗari na saurinsa. Na yi sa'a wannan kuskure yana gyaruwa ba tare da asara ba, domin alamar da ke kan fayil ɗin kawai ake canzawa, ba a taɓa lambobin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tunanin cewa da wata manhajar ce, da ta sake lissafa sautin a ɓoye ta ba ni fayil mai tsawon da ya dace, ni kuma in ajiye shi shekara da shekaru ina zaton na asali ne. Tun daga ranar nake duba abin da allon na'urar DAT ya nuna kafin in danna komai.

Akwai wani reshe na wannan hanya da nake ganin ya fi dacewa da wanda ba ya son kokawa da saitin kwamfuta, wato a sa rikoda mai katin ajiya a madadin katin sauti. Rikodoji irin su Tascam HD-P2, da M-Audio MicroTrack, da Sony PCM-D50 mai karɓar wayar haske, suna ɗaukar siginar dijital su rubuta ta a fayil ɗin WAV, daga baya a zare katin a kwafe a kwamfuta. Babu wata manhaja da za ta farka a tsakiyar aiki ta jawo tsallake, kuma rikodar da kanta take bin agogon da ke shigowa. Sai dai a gwada ta tukuna a tabbatar ba ta sake lissafa sautin, a kuma kula da alamar hana kwafi ta SCMS, wadda dokar Amurka ta 1992 ta wajabta a na'urorin gida: galibin katunan sauti da na'urorin ƙwararru ba sa kula ta, amma wasu rikodojin gida sukan ƙi naɗa idan suka gan ta.

Ko da kati aka yi ko da rikoda, raunin wannan hanya iri ɗaya ne. Tana cin lokaci daidai da tsawon wasan, don haka kaset ɗari biyu masu sa'o'i biyu-biyu suna nufin sa'o'i ɗari huɗu na zama, kuma duk sa'o'in nan hed ɗin da babu madadinsa yana cinyewa. Alamomin farkon waƙa da aka dasa a kaset, da ranar naɗi da wasu rikodoji ke rubutawa, yawanci ba sa biyo sautin zuwa fayil. Sannan idan na'urar ta cike giɓi da kintace, babu wata takarda da za ta gaya maka a wane minti hakan ya faru. Hanyar da ake rufe wannan ƙofa ita ce a kwashe kaset ɗin sau biyu, a daidaita farkon fayilolin awo da awo, a kifar da siginar ɗaya a manhaja a haɗa su, yadda duk abin da ya zo iri ɗaya zai soke juna. Idan shiru tsit ya fito daga farko har ƙarshe, to lambobin sun tabbata. Inda kuma wani abu ya leƙo, nan ne matsalar take. Gwaji ne mai ƙarfi, amma yana ninka lokacin aiki da wahalar zaren, shi ya sa nake keɓe shi ga kaset na farko don tabbatar da kayan aiki, da kuma naɗe-naɗen da suka fi daraja.

Hanya ta uku ta samo asali ne daga wata dangantaka. A 1989 Sony da Hewlett-Packard suka ɗauki fasahar DAT suka gina DDS, kaset na ajiyar bayanan kwamfuta mai siffa ɗaya da na sauti. Yawancin injinan DDS ba sa karanta kaset na sauti, amma kamfanin Silicon Graphics ya sa an yi wa wasu daga cikinsu manhajar ciki ta musamman don kwamfutocinsa, kuma waɗannan su ne ake nema har yau: wasu samfuran Archive Python, da Conner CTD-8000, da Sony SDT-9000. Idan aka samu irin wannan inji, manhaja kamar DAT2WAV ko WaveDAT a Windows, ko DATXtract a Mac, ko read_dat a Linux, tana karanta abin da ke kan zaren gungu-gungu, kowane gungu na ɗauke da milidaƙiƙa 30 na sauti, ta rubuta shi a fayil. A nan babu maganar agogo, babu katin sauti, babu tsarin da zai shiga tsakani. Manhajar tana gane ma'aunin da aka yi naɗin da shi da kanta, tana iya raba fayiloli a kan alamomin farkon waƙa, tana fito da rana da lokaci idan an rubuta su, kuma injin Sony yana karatu da saurin da ya kai kusan ninki biyu. Abin da ya fi duka a wurina shi ne rahoton kuskure: a ƙarshen aiki za ka ga wuraren da karatu ya gagara, ka koma kansu kai-tsaye ka saurara, ko ka tsabtace hed ka sake karanta wurin. Wannan ita ce hanya ɗaya tilo da ke amsa tambayoyina biyu a zama ɗaya.

Kuɗin da ake biya a nan wahala ce. Injinan suna amfani da mahaɗar SCSI, don haka ana buƙatar kati irin Adaptec 2940, da kwamfutar da ke da ramin PCI da zai karɓe shi, da tsarin aiki da ya san shi, wanda sau da yawa yana nufin tsohon Windows ko Linux. Dole a saita lambar injin, a rufe ƙarshen layin SCSI yadda ya kamata, in ba haka ba kwamfutar ba za ta ma gan shi ba. Injin da aka saya na hannu yana iya zuwa da manhajar ciki ta bayanai zalla, kuma sauya ta aiki ne da idan ya katse a tsakiya injin ya mutu. Yawancinsu kuma sun yi shekaru suna aikin ajiya dare da rana kafin su zo hannunka. Ban da haka, an gina su ne don bayanan kwamfuta, inda ake son gaskiya tsirara, don haka ba su kai na'urar sitidiyo iya rufa wa kaset mai rauni asiri ba. Wurin da Panasonic za ta lallaɓa ta wuce ba a ji ba, injin DDS yana iya barin ƙara ko giɓi, sai dai zai gaya maka ya bari. Wanda yake da kaset ashirin, kafin ya gama haɗa wannan tsari da ya riga ya kammala aikinsa ta wayar dijital. Wanda yake da ɗari biyar kuwa, makon da ya kashe wajen haɗawa zai dawo masa ninki-ba-ninki.

Wasu kaset-kaset suna da halin da ke karkata zaɓi. Masu naɗa da yawa sun yi amfani da zare mai tsawon mita 90 don su samu sa'o'i uku, alhali na mita 60 mai sa'o'i biyu shi ne wanda aka gina na'urorin sauti a kansa. Dogon zaren ya fi siriri, ya fi saurin naɗewa a cikin na'urar da robobinta suka tsufa, injin DDS kuwa da irinsa aka saba masa, don haka a nan ya fi aminci. A ɗaya ɓangaren akwai naɗin dogon zango, wanda ke rage gudun zare da rabi ya ajiye sauti a 32 kHz da bit 12 don kaset ya ninka tsawonsa. Irin wannan ya fi kowane naɗi saurin nuna kuskure, ba kowace na'urar sitidiyo ce ke kunna shi ba, ba kowane kati ne ke karɓar 32 kHz ba, kuma a hanyar DDS sai manhajar ta iya buɗe bit 12 zuwa 16. Akwai kaset ɗin da aka fara wasa ɗaya a 48 kHz aka ƙarasa da wani a 44.1, ta wayar dijital dole ka tsaya ka buɗe sabon fayil a daidai wurin, DDS kuwa yana lura da kansa. Sai kuma naɗin da wasu tsoffin rikodoji suka yi da ƙarin kaifi, inda ake ɗaga sautuka masu tsini da kusan desibel 10 a can sama da niyyar a sauke su lokacin kunnawa. Mafitar analog tana sauke su da kanta, amma hanyoyin dijital biyu suna kawo su yadda suke, sai ka ji kuge da tafi suna huda kunne. Idan fitilar da ke nuna haka ta kama a allon na'urar, a rubuta, a ajiye fayil na asali yadda yake, a yi gyaran a kwafi na daban.

Ga wanda ba shi da na'ura ko ɗaya kuma kaset-kaset ɗinsa ba su wuce goma ba, sayen tsohuwar na'ura caca ce, kuma miƙa aikin ga mai sana'ar kwashewa ya fi hankali. Sai dai a tambaye shi ta wace mafita yake ɗauka, a shaida masa ana son fayil a kan ma'aunin da aka yi naɗin, ba a mayar da shi 44.1 ba, ba a daidaita ƙarfinsa ba, ba a kuma mayar da shi MP3 ba. Wanda ya kasa amsa tambayar farko a fili, bai kamata a ba shi kaset ɗin da ba shi da na biyu ba.

Idan aka tambaye ni zaɓina, ga mafi yawan mutane ina ba da shawarar babbar na'urar sitidiyo da mai gyara ya duba, da wayar dijital, da rikoda mai katin ajiya ko katin sauti da aka gwada da kwashewa biyu. Ita ce hanyar da ta haɗa lambobi na gaskiya da sauƙin da mutum zai iya ɗorewa a kai har ya gama. DDS na mai babban tari ne wanda ba ya tsoron buɗe cikin kwamfuta, kuma ko shi yana buƙatar na'urar sauti a gefe saboda kaset ɗin da injin zai ƙi. Analog kuwa a riƙe ta don ceto.

Kowace hanya aka ɗauka, abin da aka samu a ajiye shi yadda ya fito. Sa'a ɗaya a 48 kHz tana cin kimanin megabait 690, wasan sa'o'i uku kuma yana kaiwa kimanin gigabait 2, iyakar da wasu tsoffin manhajoji ke tsayawa a kanta, don haka a gwada wannan tun kafin a sa dogon kaset. Tsarin fayil na FLAC yana rage girman fayil da kusan rabi ba tare da ya zubar da lamba ko ɗaya ba, yana kuma ɗauke da hatimin da ake tantance lafiyar sautin da shi daga baya. Idan ana son faifan CD, a yi kwafi na daban a sauke shi zuwa 44.1 da manhaja mai kyau irin SoX, a yanka waƙoƙin a kan iyakar awo 588, wato girman gungu ɗaya na faifan CD, don kada a ji ƙas a tsakaninsu, wanda a naɗin wasa, inda tafi ke haɗa waƙa da waƙa, yana fitowa fili. A rubuta ƙaramin fayil na bayani mai ɗauke da rana da wuri da makirufo da rikodar da ta naɗa da na'urar da ta kunna da hanyar da aka bi, kamar yadda masu musayar naɗe-naɗe suka saba, sannan a ajiye komai a rumbu biyu da ba sa wuri ɗaya. Rabawa ga jama'a kuma ta danganta da izinin mawaƙan. Taskar wasannin kai-tsaye ta Internet Archive, wadda aka buɗe a 2002, tana karɓar na waɗanda suka amince ne kawai.

A ranar fara aiki, a fito da kaset-kaset daga ma'ajiya a bar su su kwana a ɗakin da na'urar take, domin raɓar da ke kama zare mai sanyi tana manne shi a jikin ganga. A tura ɗan makullin da ke gefen kowane kaset har ramin ya buɗe, yadda babu na'urar da za ta iya rubutu a kansa. A leƙa ta tagar kaset a duba ko akwai farin fumfuna ko zaren da ya tattare, wanda aka ga haka a ware shi kada ya shiga na'ura. Kaset na farko da za a sa ya zama wanda ba a damu da shi ba, a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi, a kunna, a fitar, a ɗaga murfinsa a duba ko gefen zaren ya yi ƙunci. Idan ya fito sumul, sai a ɗauko naɗin da ya fi kowanne daraja a fara da shi tun hed yana da sauran ƙarfi, daga nan a bi da na dogon zango da masu mita 90, a bar kwafe-kwafen da wasu ma suke da su zuwa ƙarshe.